Takardar 'Yar Kumasi

Akwai wani gida mai hawa huɗu a wani lungu kusa da tashar Whitechapel wanda har yau ba na bin titinsa. Da can ma'aikatan jinya ne ke kwana a ciki. Lokacin da na zo London, wajen ƙarshen shekarun tamanin, an riga an kwashe su, an toshe tagogin ƙasa da katako, tantabaru sun mamaye na sama. Kullum da safe sai mun wuce ta gabansa, ni da ƙawata, a hanyarmu ta zuwa kwaleji. Ita takan ja ta tsaya tana ƙirga tagogin kamar an sa ta aiki. Ni kuwa masifa nake mata, don sanyi yana cin kunnena, ga shi mun makara.

Kwalejin tamu ba jami'a ba ce. Irin ta unguwa ce wadda council, wato ƙaramar hukuma, ke riƙe da ita, inda ake koyon lantarki da gyaran gashi da bugun tafireta, wasu kuma su zo gyara jarrabawar da ta kayar da su. Waɗanda suka gina ta sun ɗauka kowane ɗalibi idan an tashi gidan uwarsa zai koma ya ci abinci, shi ya sa ko gado ɗaya ba su tanada ba. Ba su san da irinmu ba. Ni aikin sakatariya nake koyo. Ƙawata tana ajin share fagen karatun jinya, kuma idan ta ci jarrabawar watan Yuni makarantar nas za ta ɗauke ta, da ɗakin kwananta da komai. Abin da take nema a duniya bai wuce inda za ta sa haƙarƙarinta har Yuni ba.

'Yar zangon Kumasi ce. Kakanta bafatake ne, goro ya kai shi can daga Katsina bai dawo ba. Hausarta babu mace a ciki, kowa "kai" ne, kowa "shi". Ranar da muka fara haɗuwa a ɗakin cin abinci ta ce mini, "Kai ma Bahaushe ne?" Na ce mata ni dai da ɗankwalina na fito daga gida. Tun daga nan nake kiranta 'Yar Kumasi, ita kuma tana kirana Kano, haka kawai, kamar ni ce garin.

Ni a wurin Gwaggo nake, ƙanwar mahaifina, a wani gidan council a Barking. Ɗaki biyu ne, ɗaya nata da mijinta, ɗaya na 'ya'yanta mata uku. Makwancina kujerar falo. Sai kowa ya gama kallon talabijin nake shimfiɗa, kuma kafin mijinta ya fito sallar asuba na naɗe na tura bayan labule. Littattafaina a akwati suke, ƙarƙashin teburin cin abinci. Gaskiya ɗaya ce, Gwaggo ta riƙe ni, ban taɓa kwana da yunwa a gidanta ba. Amma shekara da shekaru ban miƙe ƙafata na yi barci ba.

Masaukin 'Yar Kumasi ya fi nawa kyau a ido. Wani Alhaji ne daga gida, mai kuɗi na gaske, yake da katafaren gida a arewacin London, ba sa zuwa sai lokacin zafi ko idan Hajiya za ta ga likita. 'Yar Kumasi ke gadi da shara da guga. Ɗakuna shida a kulle, ita kuma a ɗakin wanki take kwana, can ƙasa, katifarta tsakanin injin wanki da bango. Gwaggo ce ta samo mata wurin, don mijin Gwaggo shi ke tuƙa Alhaji idan ya zo, kuma rabin rufin asirin gidanmu daga nan yake fitowa.

Bayan hutun Kirsimeti 'Yar Kumasi ta dawo da wata irin fuska. Ta ce an kafa allon sayarwa a ƙofar gidan. Wasu Turawa biyu sun zo da makullinsu suna auna ɗakuna da tef, har ɗayan ya tsallake katifarta ya auna bango, bai ko dube ta ba. Ta ce ta buga wa Hajiya waya.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ya ce kar in damu, Allah na nan."

"To ai Yana nan."

"Na sani, Kano. Allon ma yana nan."

A makon ne Baturiyar ofishin kula da ɗalibai ta aika aka kira ni. Doguwa ce siririya, kullum da rigar sanyi guda mai ruwan toka, ofishinta yana warin taba. Ta san ni don nakan taya ta bugun takardu, kuma ta lura ba a rufe mini baki. Ta ce ana maganar cire kwalejoji irin tamu daga hannun council, kuma kafin a raba gari akwai wasu kuɗi da za a iya nema. Gidan nan na ma'aikatan jinya take hari. Hawa ɗaya lafiyarsa ƙalau, fenti kawai yake so, ana iya buɗe shi bayan hutun Ista a ba ɗalibai haya mai sauƙi. Sai dai masu sa hannu sun ce sai an nuna musu akwai masu buƙata.

Ta ce, "Mutanen nan ba sa jin magana. Takarda suke karantawa."

Ta miƙo mini damin fom ta ce in raba wa mutanenmu, don ta lura ba sa taka ofishinta. Tambayoyin ba su da wuya. Ina kake kwana? Kana da ɗaki naka? Kana da wurin karatu? Ana iya korarka ba shiri? A ƙasa kuma akwai layin sunan mai gidan da adireshinsa, don wai ana iya zuwa a gani da ido. Na fito da murnata ina ganin na zama wata. Da na tsaya na tuna mutanena da ban yi murnar ba.

A wurinmu baƙo ba ya faɗin halin gidan da aka sauke shi. Ko ruwa na zuba a kanka, idan aka ce yaya masauki, alhamdulillahi za ka ce, ka ƙara da sa wa mai gida albarka. Ba ma ɗaukar wannan ƙarya, tarbiyya ce, da ita aka raine mu. Baturiya ta zauna ta tsara tambayoyinta tsaf, ba ta san kowace ɗaya a ciki tambaya ce da ɗan halak ba ya amsa wa bare ba.

Teburinmu a ɗakin cin abinci shi ne na kusa da hitar ɗumama ɗaki, nan na baje fom. Wani Bazazzagi mai koyon lantarki, wanda kowa ya san gado ɗaya suke karɓa-karɓa da wani mai gadi a Catford, ya karanta ya sa alamar yana da ɗakinsa.

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Hajiya, idan ina ciki ai nawa ne."

Wata da ke kwana da yaran yayarta huɗu ta ce ita ba ta da matsala. "Ko so kike council su zo su yi wa yayata cancel ɗin flat? A taɓa mata kuɗin tallafinta na benefit saboda ni?" Aka yi ta dariya ana cikewa, kowa da ɗakinsa da teburinsa, sai ka rantse 'ya'yan ministoci ne. Ni kaɗai nake kumfar baki, ina ce musu ana neman yi musu gata suna gudu, kuma wanda sanyi ya kashe kada ya ce ban faɗa ba.

Nawa na kai gida don in cika a natse. Ranar Asabar da rana ce, Gwaggo tana gyaran alayyahu a ɗaya gefen teburin. Ta goge hannunta a zani, ta jawo takardar ta karanta har ƙasa.

"Wannan fa?"

Na yi mata bayani, da gidan jinya da fenti da komai.

"To. Wato za ki rubuta wa Turawa da hannunki cewa a kujera nake kwantar da 'yar yayana."

"Gwaggo, ba haka ba ne. Ƙidaya kawai suke yi."

"Ƙidaya. Su ƙirga, su zo su ga mutum shida a flat ɗin mutum biyar. Ki rubuta, 'yar nan. Sai dai ki fara rubuta wa babanki, ya ji daga bakinki."

Ba ta ɗaga murya ba, ta koma kan alayyahunta. Ni da na yini biyu ina zagin mutane, na ɗauki biro na sa alamar ina da ɗaki, ina da wurin karatu, babu mai korata.

'Yar Kumasi ce kaɗai ta ƙi cikewa a teburin. Ranar Litinin da za mu rabu a tasha ta ciro nata a ninke biyu. Ta cika shi maƙil da shuɗin biro, har gefe-gefe, har baya.

"Ka kai shi da hannun ka, Kano. Ni kunya ya ƙare."

"Kin sa sunan Alhaji?"

"Sun tambaya."

A cikin jirgi na buɗe. Ta rubuta injin wanki, ta rubuta danshin bango da tarin da take yi, ta rubuta allon da mutanen tef. A ƙasa ga sunan Alhaji cikakke da manyan baƙaƙe, da lambar gida. Ban ko juya bayan ba, na ninke na cusa cikin littafin koyon tafireta, na riƙe jakar da hannu biyu har Barking.

Da na isa gida na kewaya na kewaya, sannan na ce, "Gwaggo, da a ce wani ya sa sunan Alhaji a irin takardar nan fa?"

Ta ce, "Alhaji ba ya son sunansa a takardar hukuma, ko ta gida ko ta nan. Idan ya gani, zai tambaya wa ya kawo yarinyar gidansa."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce in ɓoye ba, ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Mijinta yana zaune a bakin ƙofa yana goge takalminsa na tuƙi, bai ɗago ba.

Na ce a raina gobe zan sa 'Yar Kumasi ta sake cika wani ba suna. Goben ta zo na kasa, don na san amsar da za ta ba ni, kuma na san ita ke da gaskiya. Jibi ba ta zo makaranta ba, tari ya kwantar da ita. Ranar Juma'a aka rufe karɓa. Na kai wa Baturiya damin, ta zauna tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, tabarta tana cin kanta a gefe. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Da ta zo kan nawa sai ta dube ni ta saman tabarau.

"Duk suna da ɗaki?"

"Haka suka rubuta."

"Ke ma?"

"Ni ma."

"Su ke nan duka? Babu saura?"

Na ce babu. Jakar tana kan cinyata.

Watanni biyun da suka biyo ba na son tuna su. 'Yar Kumasi ta zaɓi tagarta, hawa na biyu, ta uku daga ƙarshe, wai rana ta fi daɗewa a nan. Har labule ta saya a kasuwar Whitechapel, ruwan ɗorawa, bayan ta yi ciniki har mai rumfa ya roƙe ta ta tafi. Kullum sai ta nuna mini tagar, ni kuma in ce ta yi sauri. Masifata ta ƙara zafi, abu kaɗan in hau ta da faɗa, har wata rana ta tambaye ni ko ta yi mini laifi. Takardar kuwa tana jakata, in zo da ita in koma da ita, na kasa yagawa, na kasa barinta a gida.

Wata safiya muka tarar da maza biyu da hular kwano a ƙofar gidan jinyar, suna kallon sama suna nuni.

Ta ce, "Ka gani? Sun fara gyara."

Ni takalmansu na kalla, na san ba masu fenti ba ne. A makon ne kuma aka manna wata jar takarda a kan allon gidan Alhaji, an sayar. Hajiya ta daina ɗaukar waya.

Bayan hutun Ista aka liƙa sanarwa a allon kwaleji, layi uku. An duba, buƙatar ba ta kai a kashe kuɗin ba. Gidan kuma ashe wani kamfani ya riga ya yi gaba da shi. Zan faɗi abin da na ji ko da ba daɗin faɗa: sanyi na ji a raina. Na ce ashe ko na kai, takarda ɗaya ba za ta buɗe gida hawa huɗu ba. Da wannan sanyin na shiga ofis in yi wa Baturiya jaje.

Na same ta ta rame, rigar sanyin ta yi mata yawa. Ta ce ba mu kaɗai ba ne, ɗalibai da dama haka suka rufe ta, kowa lafiya lau a takarda. Amma ba ta fito hannu rabbana ba. Ta matsa wa wata ƙungiyar gidaje har sun ba ta ɗakuna huɗu, don waɗanda takardarsu ta nuna za su kwana a titi kafin jarrabawa. Ta bi fom ɗaya-ɗaya ta zaɓa.

Na ce, "An raba?"

"Uku sun shiga. Na huɗun gobe mai shi zai zo ya sa hannu. Matsuwarsa ba ta kai ta sauran ba, amma a takarda babu wanda ya fi shi." Ta kashe tabarta. "Daga mutanenku babu ko ɗaya. Na yi mamaki."

Hannuna har ya taɓa bakin jakar. Ciro takarda ne kawai in ajiye a gabanta, in ce ga wadda ta fi shi. Amma sai ta ga kwanan watan da ke jiki, ta tuna ta tambaye ni ko akwai saura. Sai ta kira 'Yar Kumasi ta ce sai yau aka kawo. A ranar ba Alhaji na ji wa tsoro ba, ba Gwaggo ba, ba aikin mijinta ba. Kaina na rufa wa asiri. Na ce mata nima na yi mamaki, na tashi na tafi aji.

Farkon watan Mayu sababbin masu gida suka canja makulli. 'Yar Kumasi ta zo Barking da jaka biyu ta kwana uku a kan kafet, kusa da kujerata. Gwaggo ba ta kore ta ba, mu ba ma korar baƙo. Gaisuwa ce dai ta fara gajarcewa, mijin Gwaggo ya koma cin abinci a tsaye a kicin. Ita ma da tarbiyya aka raine ta, ta gane. Wata 'yar garinsu ta samo mata aikin kula da wata tsohuwar Baturiya a wani garin bakin teku, da ɗaki da abinci, ba fita sai Lahadi. Saura mako biyar jarrabawa.

Na ce, "Ki daure mana, mako biyar ne."

"Nuna mini inda zan daure, Kano."

Na raka ta tashar bas da safe. Da aka fara shiga sai ta zuge jaka ta ciro labulen nan ruwan ɗorawa, ko ledarsa ba a cire ba, ta danƙa mini.

"Ka rataya ranar da ka samu ɗaki."

Na ce ba zan karɓa ba, ta tura mini shi a ƙirji.

"Kai ka yi naka. Ka kai takarda. Turawa ne suka karanta ba su ga mutum ba."

Idona ya ciko, ta ɗauka na rabuwa ne, har tana mini tsiya wai Kanawa ba su da zuciya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne Allah Ya kiyaye hanya. Ta ce amin, ta hau.

Wasiƙa biyu ta aiko mini, na amsa ɗaya. Daga baya wani ya ce ya gan ta a wani garin daban, har yanzu tana kula da tsofaffi a gidajensu. Gidan jinyar aka yi masa fenti fari, aka sa masa ƙofar gilashi da mai gadi, ni kuma na koma fita ta ɗaya ƙofar tasha.

Sai a tsakiyar shekarun casa'in na samu ɗaki nawa, bayan na fara aiki. Ranar da nake kwance akwatin nan da ya zauna ƙarƙashin teburin Gwaggo, na fara cin karo da labulen, na rataya shi, ya yi wa tagar gajarta. Sannan na ɗaga littafin tafireta, takardar ta faɗo ta kife a ƙasa. Ranar na fara ganin bayanta. Ashe akwai tambaya ta ƙarshe da ni ban ko kula da ita a nawa ba, ta sunan wanda zai shaida cewa abin da ka rubuta gaskiya ne. Ta rubuta sunana cikakke da adireshin Gwaggo a Barking. A layin da aka ce mece ce dangantakarku, ta rubuta 'yar'uwata.